Wai Bar Mini Ya Yi

Sallama gare ku 'yan uwa masu bibiyata. Wadda ta ɗora tukunya ta je ta rage wuta tukuna, don maganar yau da tsawo, ba na so a ce ni na ƙona wa gidan wani abinci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, bari in ɗan koma baya. Ni ce autar mai gyaran agogo. Shagon Babana ɗan tsukuku ne a bakin titi, tsakanin mai sayar da magani da mai ɗinkin labule, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Bangon duk agoguna ne, kowanne da lokacinsa daban, don Baba ba ya saita agogo sai mai shi ya zo karɓa. A nan na tashi, a nan nake aiki. Ni ke karɓar gyara, in canza batir, in rage maɗauri, shi kuwa yana can ƙurya da ɗan gilashinsa manne a ido ɗaya. Mutumin nan in ya kara agogo a kunne sai ya gaya maka abin da ke damunsa kafin ya buɗe.

A shagon na koyi ces. Dara ce ta mutum biyu, kowa da sarkinsa da sarauniyarsa, da dawaki da hasumiyoyi da ƙananan sojoji a gaba, wanda ya rutsa sarkin ɗan'uwansa shi ya ci. 'Yan ƙungiyar ces suna kawo wa Baba agogunan wasansu gyara, irin masu fuska biyu da maɓalli a sama, ka yi motsi ka danna naka, lokacin abokin wasanka ya fara tafiya. Baba ya koya mini ina shekara tara. Ina sha uku ya daina cina. Ranar da na fara rutsa shi bai ɓata rai ba, fita ya yi da gudu ya jawo mai magani ya zo ya gani, bawan Allah yana riƙe da kwalbar maganin tari bai san abin da yake kallo ba.

Shi kuma wanda ake maganar, wato mai nemana da aure, malamin lissafi ne. A ƙungiya Zakara suke ce masa, don shekara uku a jere shi ke ɗaukar kofi. Kada ku zana wani dogon kyakkyawa a ranku. Siriri ne, tabarau ɗinsa kullum a karkace, hannun rigarsa ba ya rabuwa da alli. Amma ranar da na fara zuwa ƙungiya na same shi ya juya wa alluna uku baya, yana duba takardun ɗalibansa da jan biro, mutum uku suna faɗa masa motsinsu yana ba su amsa ko waiwaye babu. Ya cinye su duka, kuma bai yi kuskuren maki a takardar yaro ko ɗaya ba. Na koma gida na kasa cin abinci. Ni dai a duniya ba abin da ke narkar da ni kamar in ga ƙwaƙwalwa tana aiki. Wasu ido suke bi, wasu murya, wasu mota. Ni kai nake bi, haka Allah ya yi ni.

Shekara ɗaya da rabi yana zuwa shago, mu baza allo a kan akwatin kayan aiki, Baba na jin mu. Har magana ta yi ƙarfi, aka tsayar cewa ranar Asabar mai zuwa mutanensa za su zo ganin Baba. To a tsakanin nan ne gasar shekara ta faɗo.

A babban ɗakin taro na wata makaranta aka yi, kwana uku, wasa bakwai. Akwai ɓangaren mata, tebur shida a wani ɗaki kusa da inda ake tara karyayyun kujeru, akwai kuma ɓangaren kowa da kowa, wanda a aikace na maza ne. Na shiga layin kowa da kowa. Mai rubuta suna ya ɗago ya dube ni, ya nuna mini ɗakin can da biro. Na ce na gani. Ya sake nunawa, a hankali, kamar mai yi wa kurma bayani. Na ce ya rubuta kawai, in na ɓata hanya ni zan nemo kaina.

In ka ci wasa maki ɗaya ne, in an yi kunnen doki rabi rabi. Bayan wasa shida Zakara yana gabana da rabin maki, duk sauran suna bayanmu. Sai aka liƙa takardar wasan ƙarshe a bango, na ga sunana da nasa a tebur na ɗaya. In mun yi kunnen doki kofi nasa ne, ni ta biyu. In na ci shi, kofi nawa, kuma ni za a tura babbar gasa a madadin ƙungiya.

Da yamma ina wanke kofunan shayi saƙonsa ya shigo.

"'Yar agogo, barka da ƙoƙari. Gobe kada mu wahalar da juna. Motsi goma mu tashi kunnen doki, ni na ɗaya ke ta biyu, kofi dai gida ɗaya zai shiga."

Har da ɗan hoton fure a ƙarshe. Don in yi masa adalci, 'yan ces suna yin haka a wasan ƙarshe, abokai biyu su raba maki su huta in hakan ya ishe su duka. Shi ma ya sha yi. Amma a iya sanina ba a taɓa roƙon namijin da rabin maki ya raba shi da kofi ya haƙura ba, don kowa ya san zai zo ne da haƙoransa a waje. Na goge hannuna a jikin zane na rubuta masa: "Malam, da wani ƙato ne a matsayina, za ka tura masa wannan saƙon?"

Ya rubuta, ya goge. Ya sake rubutawa, ya goge. Ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Can sai ga amsa: "Ke ai daban ce."

Ban mayar ba. Kuskurena shi ne na bar wayar a kan kujera na shiga wanka, ga Gwaggo a gidan.

Gwaggo yayar Baba ce. Ba a gidanmu take zaune ba, amma takalminta ya fi na Mama sanin ƙofar falonmu. Mace ce mai kirki, in ba ka da lafiya ita za ta kwana a kanka, sai dai duk abin da ya shiga kunnenta to ya zama nata. Na fito na same ta da tabarau a hanci da wayata a hannu, ko kunya babu, wai haske ta gani ta ɗauka ƙararrawa ce.

Ta zaunar da ni ta fara. Ta ce yaron nan ya yi hankali, ya nemo hanyar da kowa zai fita da mutunci, ni ce zan tsaya taurin kai a kan wasan katako. Ta ce ita ta aurar da 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa ganin namijin da aka kayar a gaban jama'a ranar Lahadi ya turo mutanensa ranar Asabar ba. Ta ce ilimi ba laifi ba ne, amma mace mai wayo takan ninke nata ta sa a ƙasan akwati, ta riƙa ciro kaɗan kaɗan. Na ce Gwaggo, ai ba zanen gado ba ne. Ta ce in ci gaba da baki, bakin nan ne zai zaunar da ni a shagon agogo har in fara gani da ido ɗaya kamar ubana.

Mama tana gefe tana ninke kaya har Gwaggo ta shiga alwala. Sannan ta ce da ƙaramar murya, ta biyu ma ai ba kaɗan ba ce, Auta.

Baba kuwa, da safe ina ɗaura takalmi ya miƙo mini biro biyu, ya ce in riƙe ko ɗaya zai ƙi rubutu. Shi ke nan abin da ya faɗa.

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, don faɗin hannu yana ture 'ya'yan dara. Na yafa baƙin mayafi na kama shi da fil biyu kada ya dame ni. Ban shafa komai ba sai kwalli. Gwaggo ta dube ni ta ce kamar mai zuwa kotu. Na ce kusan haka ne.

Teburinmu yana kan ɗan dandamali, an kewaye shi da igiya. Zakara ya riga ni zama, ya sa farar rigar nan da na taɓa cewa tana yi masa kyau. Ya yi mini murmushi, wallahi ina son mutumin nan, kada wani ya gaya muku ba haka ba. Shi ke da farare, ni baƙaƙe. Alƙalin wasa ya danna agogo, kowa ya ja takardarsa, don a gasa dole kowane ɗan wasa ya rubuta duk motsin da aka yi.

Motsi na goma ya ajiye dokinsa, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kunnen doki?" Ya danna agogo ya jingina, har ya fara rufe bironsa.

A ces ba sai ka ce a'a da baki ba. In ka yi motsi, ka ƙi ke nan. Na kalli allon. Na tuna Asabar, na tuna sabbin labulen da Mama ta ba maƙwabcinmu ɗinki saboda baƙi. Sannan na ɗauki sojana na tura shi gaba na danna agogo.

Ya buɗe biron. Murmushin bai tafi duka ba, amma ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge. Daga nan muka fara wasa na gaske, kuma 'yan uwa, ban taɓa jin daɗi irin na awa biyun nan ba. Mutumin nan ya iya. Duk inda na nufa sai in tarar ya riga ni ya rufe ƙofa. Ina zufa ina jin tsoro, amma wani ɓangare na zuciyata yana ta yaba shi, yana cewa dubi wannan, dubi yadda ya gano.

Sai a motsi na sha tara na ga allon ya koma wata siffa da na sani. Zakara yana da hanyar buɗe wasa da yake ji da ita, shekara uku yana cin mutane da ita. Wata huɗu da suka wuce, ina zaune ni kaɗai a shago, na gano rami a cikinta. Da ya zo na jera masa, na ce Malam duba nan, in aka bar maka hasumiya a kusurwa ka ɗauka da sarauniya, ba za ta fito ba. Ina cikin nunawa wayarsa ta yi ƙara, uban wani ɗalibi. Ya amsa yana gyaɗa mini kai, da ya gama ya ce kai, 'yar agogo akwai basira, ya share allon da hannu ya ce mu buga sabo. Yabo na samu ranar, amma sauraro ban samu ba.

Na janye dokina na bar hasumiyar a fili, ba mai tsaronta.

Ya yi minti ashirin yana kallo. Na ƙirga su a agogo. Ba mutumin da zai ɗauki abu don ya gan shi a banza ba ne, lissafi yake, ina ganin leɓensa na motsi. Tarkon motsi bakwai ne. Shida na farko duk hayaniya ce, ci da barazana, kuma a ƙarshensu kamar sarauniyar ta tsira. Na bakwai kuwa ɗan soja ne zai matsa gida ɗaya, ba ya cin komai, ba ya tsorata kowa, sai dai ya toshe hanya ɗaya tilo da ta rage. Ina addu'a biyu a lokaci guda, ɗaya ya ɗauka, ɗaya kada ya ɗauka. Allah ya yafe mini.

Ya ɗauka.

Da na tura sojan nan, sai na ga jinin fuskarsa ya janye. Ya daɗe bai motsa ba. Mutane suka taru a bakin igiya har alƙali yana korar su. Ya yi ta fafutuka bayan sarauniyar ta tafi, don ba rago ba ne, amma a motsi na talatin da ɗaya ya tsayar da agogo ya kwantar da sarkinsa. Ya sa hannu a takardata, na sa a tasa. Ya ce barka. A ƙa'idar 'yan ces, bayan wasa akan zauna a maimaita shi tare, a ga inda aka ɓata. Bai zauna ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita ta ƙofar baya.

Kofin ɗan ƙarami ne, gindinsa ma roba. Matan ɗakin karyayyun kujeru su suka fi kowa tafi, wata mai goyo ta rungume ni har mayafina ya zame. Baba ya ture agogon bango biyu ya yi masa wuri a kan kanta. Gwaggo ta ƙi kallonsa, ta ɗauki jakarta ta tafi ko sallama babu. Na ce to, an gama, na rasa miji na sami kofi, zan yi kukana in share hawaye. Na shirya wa wannan.

Abin da ban shirya masa ba shi ne washegari.

Ina buɗe shago mai magani ya leƙo yana washe baki, ya ce amarya kin yi dace, irin wannan miji sai an tona. Ban gane ba. Mai labule ya zo shi ma, ya ce ya ji labari, wai yaron ya ga dama ya miƙa mini sarauniyarsa sukutum a gaban jama'a don ya faranta mini. Na buɗe waya. A zauren ƙungiya na cikin waya wani ya rubuta cewa Zakara ba ya faɗa wa tarko irin wannan ko a mafarki, soyayya ce kawai ta yi aikinta, mutum goma sha wani abu suka bi da hoton dariya da na zuciya. Ƙanwarsa ta ɗora hotonmu a kan tebur, ta rubuta a ƙasa: "Yayana mai kyauta."

Kafin azahar sai ga Gwaggo da ledar lemo, fuska kamar an kunna fitila. Ta ce ta yi waya da Hajiyar Zakara. Ashe da ya koma gida Hajiya ta tare shi ta ce me take ji, wai mace ta kayar da shi? Shi kuma ya ce, Hajiya wasa ne, a bar maganar. Daga wannan Hajiya ta gane wa kanta cewa bar mini ya yi, ta ce ɗanta tun yana yaro haka yake, ko alawa ce sai ya ba wa ƙannensa. Yanzu kowa ya ji daɗi. Asabar tana nan daram. Gwaggo ta ɗauki kofin da jiya ta ƙi kallo ta goge shi da gefen mayafinta, ta ce wannan ai kyautar aure ce ta farko, in adana.

Na tura masa saƙo: "Ka ga abin da ake faɗa?"

Ya amsa bayan awa ɗaya: "Na gani. Ƙyale su, ni da ke mun san gaskiya."

Na rubuta: "Ni da kai kawai?"



Ranar Talata shugaban ƙungiya ya zo shago da kansa, dattijo mai fara'a, ya zauna suka gaisa da Baba. Ya yi ta kewaye kewaye, sannan ya ce tunda abin ya zama na cikin gida, kuma kowa ya san yadda aka yi, ko zan bar wa Zakara tafiya babbar gasa, don can ba wurin wasa ba ne, ba a son ƙungiya ta ji kunya. Ya ce kofi dai nawa ne, ba mai taɓa shi. Na ce zan yi tunani, don ban yarda da abin da zai fito daga bakina ba in na ƙara kalma ɗaya.

Yanzu ga inda zan faɗa muku gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba. Na so in yi shiru. Wallahi na so. Ku duba fa, an miƙo mini komai a faranti, ga kofi ga miji, Mama ta daina tagumi, Gwaggo tana kirana 'yar albarka. Abin da ake nema a wurina kawai in yi murmushi in sunkuyar da kai in an ce ya bar mini. Mama ta same ni ina tankaɗe a kicin ta ce, Auta me zai rage ki? Ke kin sani, shi ya sani, Allah ya sani. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ma na san akwai abubuwa da yawa da ta iya a gidan nan waɗanda sunan wani ke kai.

Amma duk sanda na rufe ido sai in ga sojan nan. Kwana tara na yi ina nemansa a shago, ina jerawa ina rushewa tsakanin masu canjin batir. Ba wanda ya ba ni shi. Sai na hango kaina nan da shekara ashirin, ana zaune a falo ana ba 'ya'yana labari ana dariya, cewa ai babanku ya taɓa bar wa mamanku wasa saboda so, ni kuma ina zuba shayi ina murmushi. Na ajiye rariyar. Na ce Mama, zai rage ni.

Ranar Laraba bayan la'asar ya zo gaida su Baba. Ya sa riga ruwan sararin sama, an goge ta har tana ƙyalli, ya zo da kankana ƙatuwa. Aka shigar da shi falo, ga sabbin labule an rataya, Mama ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai da baƙo. Baba yana kujerarsa ta kusa da taga da wani agogon hannu da ya taho da shi daga shago. Ni na kawo tire na durƙusa na ajiye. Ya ce sannu 'yar agogo, bai yarda mun haɗa ido ba.

Gwaggo ta buɗe baki. Ta yabi tarbiyyarsa, ta yabi Hajiyarsa, ta ce a zamanin nan namijin da zai sauke kansa ƙasa don mace ta ji daɗi sai an yi tafiya mai nisa. Ta ce ita ba ta san dara ba, amma ta san halin girma in ta gan shi. Shi kuwa yana ta juya cokali a shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa, yana cewa a'a Gwaggo, ba komai, ba komai.

Ba komai ɗin nan ita ta tsayar da ni. Na riga na kai bakin ƙofa da tire, na juyo.

"Malam, ina da tambaya, kuma a gaban iyayena nake so ka amsa. Ranar Lahadi, bar mini ka yi, ko cin ka na yi?"

Gwaggo ta ce ke, wace irin magana ce wannan a gaban baƙo, wuce ciki. Mama ta kama gefen rigata ta ja. Ban motsa ba. 

Sai Baba ya cire gilashin daga idonsa ya ajiye a hannun kujera. Ya ce, "Yaya, bar ta. Ni ma ina so in ji."

 Zakara ya ajiye cokalin. Ya dubi Gwaggo, ya dubi Baba, sannan a karo na farko tun ranar Lahadi ya dube ni. Na ga mutumin nan da na sani, mai alluna uku a ka, wanda ba ya iya ba yaro makin da bai ci ba ko da ubansa ya roƙa.

"Ta ci ni," ya ce. "Na lissafa motsi shida na ga na tsira. Na bakwai ban gan shi ba. Kwana uku ke nan ina jera shi a gida, babu mafita. Ban taɓa buga wasa da wanda ya yi mini haka ba."

'Yan uwa, da a ce zuciya tana fita ta baki, da tawa ta faɗo a kan tiren nan. Wannan maganar na fi so a kan duk furen da ya taɓa turo mini. Gwaggo ta yi sauri ta ce to madalla, an ji, magana ta ƙare a ɗakin nan, ba sai ta fita waje ba. Shi ma na ga ya sauke numfashi kamar wanda ya sauke kaya, har ya kai hannu zai ɗauki shayinsa.

Na ce, "Na gode, Malam. Amma ba a ɗakin nan aka ce ka bar mini ba. A zauren ƙungiya aka faɗa, da gaban shugaba, da wurin Hajiya. Can za ka je ka maimaita abin da ka faɗa yanzu, da bakinka. In ka yi, mutanenka su zo Asabar, ni zan dafa musu shayi da hannuna. In ba za ka iya ba, kada a wahalar da dattawa."

Ya ce a hankali, Hajiya ba za ta ji daɗi ba. Na ce na sani. Ya ce in ba shi lokaci, bayan biki komai zai fi sauƙin faɗa. Na ce bayan biki ba wanda zai tambaya.

 Sannan ya miƙe, ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, ya yi wa Mama, ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya fita. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Gwaggo ta bi ni da kallo ta ce na kashe aurena da hannuna a kan ɗan katako, ta ce a kira mata mai mota. Mama ta shige ɗaki. Baba ya mayar da gilashinsa ido, ya ce in an yanka kankanar a kawo masa.

Yau Juma'a. Na riga na kira shugaba na gaya masa ni zan tafi babbar gasa, ya shirya takarduna. Gobe Asabar, Mama ta share falo sau biyu ba ta ce mini don me ba. Wayata tana nan gefen allo, na buɗe zauren ƙungiya na bar shi a buɗe. Ɗazu na ga sunansa a sama, an nuna yana rubutu, sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

Ni dai ba zan kira ba. Na yi nawa motsin, saura nasa.